Yadda Nake Haɗa Ƙaramin Zaure da Mahayin Doki a Kan Katako

Kafin ka yanka komai, tsayar da ma'auni. Ni da 1:35 nake aiki, wanda kamfanin Tamiya na Japan ya yayata da 'yan tankokin yaƙinsa. Abin da ya kai santimita 35 a zahiri, santimita 1 ne a wurinka. Mutum mai tsawon santimita 175 zai dawo santimita 5, katanga mai mita uku da rabi kuma santimita 10. Yanki kwali mai tsawon santimita 5 ka ajiye a gefe, duk abin da ka gina ka jingina shi ka gani. Akwai 1:72, amma can mutum bai kai santimita 3 ba, wa zai naɗa masa rawani?

Gindin aikin falankin katako ne, faɗin littafin rubutu ya isa. Jikin zauren kuma da farar kumfar nan da ake kunshe firji ko talabijin nake yi. Sabuwar reza ke yanka ta ba ta marmashe ba. Kada ka kusance ta da fentin feshi ko gam mai kamawa nan take, narkar da ita suke yi. Farin gam na kafintoci za ka sa, ka soka tsinken sakace a madadin ƙusa.

A katanga ake gane wanda ya kalli ginin ƙasa da wanda ya yi da ka. Je ka tsaya gaban Gidan Makama a Kano, ko wani tsohon gida a cikin birni. Katangar tubali tana da kauri a ƙasa, tana sirancewa tana hawa, kusurwoyinta a dunƙule suke, zanko kuma ba ya fitowa daidai da ɗan'uwansa. Don haka goge kaifin kumfar da samfefa har ya ɓace. Sai ka kwaɓa hodar POP da ɗan gam da jar ƙasa da ka tankaɗe da rariyar shayi, ka yaɓa da yatsa kamar yadda magina ke yaɓe da hannu. Tun bai bushe ba ka zana dagi a saman ƙofa da allura. Tsinken ashana shi ne azara, bututun biro da aka tsaga biyu shi ne indararo. Ragowar ƙasar ka barbaɗa a kan gam a ƙofar gida, ka danna sawun kofato da bakin tsinke.

Doki da mahayi, na roba na wasan yara nake samu in gyara, muddin tsayinsu ya yi daidai da kwalin nan. Kankare layin da injin ya bari a jikinsu, ka wanke da sabulu. Babbar riga da takardar goge hannu ake yi: jiƙa ta da gam da ruwa, ka ɗora a kafaɗa, ka tattare hannun rigar da tsinke. Rawani siririn yanki ne, a naɗa a bar amawali ya rufe baki. Wannan ma yana rage wahalar zana fuska, kuma waɗanda ba sa son fito da kamannin mutum sun fi natsuwa da haka.

Fentin akirilik nake amfani da shi. Fara da shafen toka-toka, sannan launi, a tsinke shi da ruwa a yi shafe biyu. Mai kauri yana cike ninkin riga ya kashe ta. In ya bushe, tsinka fenti ruwan ƙasa mai duhu sosai ka bar shi ya gangara cikin lunguna. Daga nan ɗauki tsohon buroshi, taɓa launi mai haske, goge shi a tsumma har ya kusa ƙarewa, ka shafa sama-sama a kan tudun ninki da gefen zanko. Farar riga kada ka ba ta fari tas, sa mata ɗigon ruwan ƙasa, kuma ƙafafun dokin su sha ƙura. Ƙarƙashin indararo ja layi mai duhu inda ruwan damina ke bi.

Da hunturu fenti na bushewa a faranti tun ba ka kai buroshi ba, sai ka shimfiɗa jiƙaƙƙen soso, ka ɗora takardar gashin burodi, ka zuba fentin a kai. Idan ka gama, kife masa akwatin gilashi ko na roba mai garau, don ƙurar hunturu in ta shiga ninkin rawani da wuya ta fita.