Busa torompet a ƙarƙashin dandalin wasan kwaikwayo a Yamai

Kafin a ɗaga labule, ciro fistan ukun na torompet (maɓallan da ake dannawa da yatsu), ka goge su, ka ɗiga wa kowannensu ɗigon mai 2 ko 3. Ƙurar hunturu ce ke sa su maƙalewa. Torompet mai si bemol tana fitar da sauti mataki ɗaya ƙasa da rubutun takarda: ka busa sautin da ake kira do, a ji na ƙasa da shi, wato si bemol.

Zafin Yamai kan sa sauti ya haura matakin da ya dace. Ja bututun daidaitawa waje kaɗan.

Aikin da ya fi wuya kuwa jira ne. Ƙirga gaɓoɓin shiru, wato sassan kiɗan da ba ka busa, da yatsu, rubuta kalmar ƙarshe ta ɗan wasa kafin shigarka da fensir, idonka kan madugu, wato jagoran makaɗa. In ana waƙa, sa marufin rage ƙara, kada ka danne muryar mawaƙi. Zubar da ruwan da numfashi ke tarawa a bututu lokacin tafi.