Yadda za ka ziyarci ɗan'uwanka mai jiran shari'a a gidan gyaran hali

Wanda aka yanke wa hukunci yana ƙirga kwanaki, domin ya san ranar fitarsa. Mai jiran shari'a kuwa ba shi da abin ƙirgawa, kuma wannan rashin sani ya fi yunwa da zafin ɗaki cin rai. Mafi yawan waɗanda ke tsare a Najeriya irinsa ne. Saboda haka idan naka yana gidan gyaran hali na Bauchi, ko na Azare, ko na Ningi, babban guzurin da za ka kai masa shi ne sahihin labarin shari'arsa.

Kafin ranar ziyara, ka biya ta kotun da ta tura shi, ka nemi lambar ƙara da ranar zama na gaba a wurin rajistara, ka rubuta su. Ka tambaya ko an ba da beli, da sharuɗɗansa, domin akwai mutanen da suke shafe watanni a tsare alhali mai tsaya musu kawai aka rasa. Idan ba ku da halin ɗaukar lauya, ka nemi ofishin hukumar ba da agajin lauyoyi ta gwamnatin tarayya, wadda aka kafa a 1976 domin marasa ƙarfi. Ka roƙi lauyan ya gabatar da batunsa lokacin da Babban Jojin Jiha zai zagaya gidajen, tunda doka ta ba shi ikon sallamar wanda tsarewarsa ta wuce ƙa'ida.

Ka tambayi gandirobobi ranakun ziyara da abin da aka yarda a shigar, sannan ka riƙe katin shaida da sabulu da ɗan abinci.

Lokacin ganawa kaɗan ne, don haka kada kuka ya cinye shi. Ka fara da maganar kotu, sannan labarin gida: lafiyar Inna, karatun yara, abin da gona ta bayar. Ina roƙonka, kada ka ce masa "mako mai zuwa za ka fito" sai fa ka tabbata, domin zai kwana yana jiran a kira sunansa, kuma idan ranar ta wuce shiru, zuciyarsa za ta fi da karyewa. Ka tuna masa cewa sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 yana ɗaukarsa marar laifi har sai kotu ta tabbatar da laifin. Kafin ku rabu, ka faɗa masa ranar da za ka dawo, ka kuma zo a ranar.