Kafin ku ɗauki mai sa karo

'Yan uwa masu gini a Damagaram, kar ku yarda da hotunan da mai sa karo (wato tayil na daɓen ɗaki) zai nuna muku a waya. Ku ce ya kai ku gidan da ya yi aiki, ku ƙwanƙwasa karon da makulli. In ya yi ƙara kamar fanko, siminti bai cika ƙarƙashinsa ba, ba zai daɗe ba zai tsage.

Ku yi jinga a kan metir kare, ba kuɗin yini ba, kuma ku tsaida magana tun farko: wa zai biya 'yan ga-ruwa? Kun san halin ruwa a garin nan, ga shi wani karon na son a jiƙa shi kafin a ɗora kan siminti, shi ma kwaɓin ruwa yake sha.

Kwalin karo mai santimita 60x60 yawanci guda 4 ne a ciki, metir kare 1,44. Ku saya da rara, kamar kashi 10 cikin 100, a lokaci guda, don launin wani zubin kan bambanta.

Makewayi kuwa, nan ake gane gwani. Ku kwarara bokitin ruwa gabansa. In ya kwanta a kusurwa bai bi rariya ba, ya gyara kafin ku cika masa kuɗinsa.