Kurakuran da aka fi yi wajen narkar da ragowar kifi don abincin kaji

Kan kifi, hanji, ƙaya da fatar da masu gyaran tarwaɗa ke zubarwa kan kai kusan rabin nauyin kifin, kuma furotin ɗinsu na da wadatar lisin, sinadarin da masara ke da ƙarancinsa. Shi ya sa wasu masu kiwo ke narkar da su da asid, su zama ruwa mai kauri, a gauraya da dusa. Enzayim, wato sinadaran narkar da abinci da ke cikin hanjin, su ne ke kakkarya furotin, kaza ta samu sauƙin narkar da shi. Sai dai da yawa ruɓaɓɓen kifi suke haɗawa ba su sani ba.

Matsalar daga jinkiri take farawa. Ragowar da ta wuni a rana ƙudaje na bi, ƙwayoyin cuta sun riga sun samar da histamin, wani sinadari mai cutarwa, a cikinta, kuma dafuwa ba ta kawar da shi. A yi aikin ranar da aka gyara kifin. In ta fara wari, a binne ta.

Sai ƙwauron asid. Ana sa asid na fomik kimanin kashi 3 cikin 100 na nauyin kayan, don pH, wato ma'aunin tsami da ke sauka idan asid ya ƙaru, ya tsaya ƙasa da 4. Abin da ke yaudarar mutane shi ne ƙaya: sinadarin kalsiyam ɗinta na shanye ƙarfin asid sannu a hankali, sai ka auna yau daidai, gobe ya haura. Don haka a niƙa kayan sosai, a riƙa juyawa kullum a kwanakin farko, ana tsoma takardar gwajin pH. Gutsuren da asid bai ratsa ba daga ciki yake ruɓewa. Duro na roba ake so, asid na cin ƙarfe, kuma kada a taɓa asid ɗin ba safar hannu.

Man da ke tasowa sama a kwalfe shi, in an bar shi yakan lalace, ya sa ƙwai da nama ƙarni.

Wasu kuma kan cire mudun garin kifi su zuba mudun narkakken a madadinsa. Garin kifi mai kyau furotin ɗinsa ya haura kashi 60, wannan kuwa yawancinsa ruwa ne, furotin ɗinsa wajen kashi 15. A lissafa da furotin, ba da mudu ba, in ba haka ba kaji za su tsumbure.