Yadda ake saita firij da firiza don rage cin wuta

Yawancin masu kukan cewa firij na cinye musu wuta, tun ranar da aka kawo shi suka ɓata lamarin: an tura shi ya manne da bango, ko kusa da murhu, ko inda rana ke dukansa.

Fara da wurin ajiya, don nan ne aikin yake. Firij zafin ciki yake kwasowa ya fitar ta baya ko ta gefe. Taɓa wurin, za ka ji ɗumi. In zafin nan bai sami hanyar fita ba, injin zai yi ta gurnani ba hutu, mita kuma na ta gudu. Bar tazarar santimita 5 zuwa 10 tsakaninsa da bango. Kada ka jibga kwalaye a kansa, kada kuma ka lulluɓe shi da ƙyalle don ado. In naka mai ƙarafa ne a baya, zare shi daga soket ka share ƙurar da ta daskare a kansu sau biyu a shekara. Ƙurar nan tamkar bargo ce, tana riƙe zafi.

Sai maɓallin saiti. Lambobin da ke jikinsa ba digiri ba ne, kuma a yawancin firij babbar lamba ce sanyi mai ƙarfi. Mutane kan murɗa shi har ƙarshe, abin da ba shi da amfani. Nemi ƙaramin ma'aunin zafi, ba shi da tsada, ka bar shi ya kwana a ciki. Firij ya tsaya digiri 3 zuwa 5, firiza kuma 18 ƙasa da sifili.

Gwada robar ƙofa: rufe ƙofar a kan takarda, ka ja. In ta zare salin alin, sanyi na zurarewa, sai a wanke robar ko a canza ta.

Ƙanƙara in ta kai kaurin rabin santimita, kashe ka bari ta narke da kanta. Ban yarda da sa wuƙa ba ko kaɗan, huda bututun gas ba wuya.

Abinci ya huce kafin a sa, amma kada ya wuce awa 2 a waje, kuma a rufe shi. In firiza ba kaya, cika ta da robobin ruwa. Cikakkiyar firiza na riƙe sanyi har kusan awa 48 in an ɗauke wuta, muddin ba a buɗe ta ba.