Darasi na Tara: Idan Fuskar Kwamfuta ta Rikice

Kwamfutoci da yawa da ake kai wa masu gyara a Titin Beirut ko Farm Centre a Kano lafiyarsu ƙalau. Rubutu ne ya yi ƙato, ko fuskar mutum a hoto ta baje, ko hoton bango ya ɓace ya bar baƙi ƙirin. Sai a biya kuɗin adaidaita sahu, a biya na gyara, wani lokaci har a goge komai a sake zuba Windows, alhali dannawa huɗu ko biyar ta isa. A wannan darasi za ku koyi rabe matsalar saiti da ta wayar da ke haɗa allo da kwamfuta, da kuma wadda sai mai gyara. Da Turanci kwamfutar ke nuna sunayen maɓallai, don haka mun rubuta su yadda za ku gan su a allo.

Allo da ɗigonsa

Allon kwamfuta ƙananan ɗigo ne a jere kamar saƙar tabarma, wasu layuka a kwance, wasu a tsaye. Kowane ɗigo sunansa fiksel. Idan kun ga an rubuta 1366 x 768, ana nufin ɗigo 1366 daga hagu zuwa dama, 768 daga sama zuwa ƙasa. Wannan lissafi shi masu gyara ke kira rezolushan. Laftof 'yan kwatano da yawa 1366 x 768 ne. Monita, wato allon kwamfutar tebur, mai faɗi ta inci 22 ko 24 galibi 1920 x 1080 ce. Tsohuwar nan mai kusan murabba'i, ta inci 17 ko 19, wadda har yanzu ake gani a shagunan buga takardu, 1280 x 1024 ce.

Yawan ɗigon daga masana'anta yake, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Idan Windows ta aika wa allo lissafin da ba nasa ba, dole allon ya ja hoton ya cike gurbi. Daga nan rubutu zai yi dishi-dishi, abu zagayayye ya baje, ko a ga baƙin fili a gefe da gefe.

Gyaran ba wuya. Ku kai linzami wurin da babu komai a fuskar kwamfutar, ku danna maɓallinsa na dama, ku zaɓi Display settings. Ku gangara ƙasa zuwa Display resolution, ku buɗe jerin lambobin, ku zaɓi wadda aka rubuta Recommended a gefenta. Allon zai ƙifta, sannan ya tambaye ku. In hoto ya yi kyau ku danna Keep changes. In allon ya yi baƙi, ku cire hannu ku jira: bayan daƙiƙa 15 zai koma yadda yake da kansa. Mutane kan firgita a nan su kashe kwamfuta, kuma babu dalilin haka. A Windows 7 sunan da za ku nema bayan danna dama shi ne Screen resolution.

Akwai kuskuren da dattawa masu raunin ido suka fi yi, kuma 'ya'yansu ne ke koya musu: rage rezolushan don rubutu ya girma. Zai girma ɗin, amma ya dushe, ido ya ƙara wahala. Ku bar lambar a kan Recommended. A wannan shafin dai akwai Scale, mai 100%, 125% da 150%. Ita ce aka yi domin girman rubutu, kuma ba ta ɓata kaifinsa. A ƙaramin allo na 1366 x 768 kada ku wuce 125%, don wasu akwatunan za su tsere ƙasa har a kasa ganin maɓallin OK.

Kafin ku taɓa ko ɗaya, ku duba ko komai ne ya girma ko abu ɗaya ne. In shafin intanet ne kawai, ku riƙe Ctrl ku danna 0. In alamomin da ke fuskar kwamfuta ne kawai suka kumbura, wani ne ya riƙe Ctrl ya murza tayar linzami. Ku riƙe Ctrl ku murza ta baya. In allon ne ya juya ƙasa sama, a Display settings ɗin ku mayar da Display orientation kan Landscape. A wasu tsofaffin kwamfutoci masu Intel, Ctrl da Alt da kibiyar sama tare suna miƙe shi, kuma galibi ta nan yara suka juya shi tun farko.

Idan lambar da ake nema ba ta cikin jerin

Wannan ya fi faruwa bayan an sake zuba Windows. Jerin ya tsaya a 1024 x 768, ko akwatin ya yi toka-toka ya ƙi dannuwa. Matsalar direba ce, wato ƙaramar manhajar da ke sa Windows ta san sashen da ke zana hoto a cikin kwamfutar. Ku danna dama a kan tambarin Windows da ke ƙasan allo, ku zaɓi Device Manager, ku buɗe Display adapters. In kun ga Intel, AMD ko NVIDIA, direba na nan. In kun ga Microsoft Basic Display Adapter, to ta wucin gadi ce ke aiki, mai gyara bai kammala aikinsa ba.

Ku haɗa intanet ku bar Windows Update ta yi bincike. Sau da yawa ita ke sauko da direbar. In ba ta kawo ba, ku kifa laftof ɗin ku karanta lambar samfurinta, ku shiga shafin kamfanin da ya ƙera ta, HP ko Dell ko Lenovo, ku sauke daga can. Direbar hoto kan kai ɗaruruwan megabait, don haka ku tanadi data, ku kuma tabbatar da caji, kada wuta ta ɗauke ana tsaka da zubawa. Manhajojin da ke tallar za su gyara muku duk direbobi kyauta, mu ba ma ba da shawararsu. Tarkacen da suke shigowa da shi ya fi amfaninsu.

Wani lokaci allon kan daskare ko ya yi baƙi alhali kwamfuta na aiki. Ku danna maɓallin Windows da Ctrl da Shift da B tare. Za ku ji ɗan ƙara, allon ya ƙifta, direba ta farfaɗo ba tare da an rufe aikinku ba.

In monita ta rubuta Out of range, an aika mata lissafin da ya fi ƙarfinta ne, ga shi ba kwa ganin komai balle ku gyara. A Windows 7 ku sake kunnawa kuna danna F8, ku zaɓi Enable low-resolution video. A Windows 10 da 11 sai an yi dabara: ku kashe kwamfutar da maɓallin wuta daidai lokacin da tambarin Windows ya bayyana, sau biyu ko uku a jere, har shafin gyara ya fito. Ku bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, Restart, sannan ku danna 3. In akwai wata monita ta aro a kusa, jona ta ya fi wannan sauƙi.

Waya, majigi da talabijin

Wayar VGA, mai haɗa monita da kwamfuta, ita ce mai shuɗin kai, da allurai 15 da noti biyu na ɗaurewa. Ja da kore da shuɗi kowanne da allurarsa. Idan ɗaya ta lanƙwashe ko kan wayar ya yi sako-sako, launi ɗaya ya fita, sai allon gaba ɗaya ya koma ruwan hoda ko ruwan ɗorawa. Ku kashe, ku zare, ku leƙa alluran, ku kakkaɓe ƙurar hunturu da busasshen buroshi, ku mayar ku ɗaure notin biyu daidai wa daida. In hoton ya karkata gefe ɗaya, ku danna maɓallin Auto a jikin monitar. Amma in da magariba kawai allon ke yin ja-ja, ba waya ba ce, Night light ce a kunne cikin Display settings.

Mai haɗa majigi a aji ko wurin taro ya danna Windows da P. Duplicate na nuna abu ɗaya a allo biyu, Extend na mai da majigin ƙarin fili. Shi ya sa wani lokaci ake ganin hoton bango kawai a jikin bango babu aikin: tana kan Extend ne. Tsohon majigi mai 1024 x 768 kan tilasta wa laftof ta sauko lissafinsa, don haka bayan taro ku duba ko ta koma Recommended. A talabijin da aka jona wa kwamfuta da wayar HDMI kuwa, in gefunan sun yanke, daga rimot ake gyarawa: ku nemi Just Scan a LG, Screen Fit a Samsung.

Hoton bango

Ku danna dama, ku zaɓi Personalize, sannan Background. Bayan zaɓen hoto akwai akwatin yadda zai zauna, kuma a nan ne rigimar take. Fill na cike allo amma yana yanke abin da ya yi saura. Fit na nuna hoton duka, ya bar fili a gefe. Stretch na jan hoton ta ƙarfi, shi ne ke baje fuska. Ku guje shi. Hoton waya a tsaye yake, allon kwamfuta a kwance, saboda haka Fill zai sare kan mutum ko hularsa. Ku sa Fit, ko ku kwantar da wayar lokacin ɗauka. Hoton da ya biyo ta WhatsApp kuma an matse shi, kan yi garaje a babban allo. Ku ce a turo shi a matsayin Document.

Bango baƙi dalilansa daban-daban ne. In Slideshow, wato hotuna masu sauyawa da kansu, kuka zaɓa daga filashi kuka zare filashin, hotunan sun tafi da shi. Ku kwafe su cikin Pictures tukuna. In komai ya koma baƙi da rubutu mai ƙyalli, an kunna High contrast ne, kuma Alt ta hagu da Shift ta hagu da Print Screen tare suna kashe ta. A Windows 10 ku leƙa Settings, Ease of Access, Display, ku tabbatar Show desktop background image a kunne take. In alamomin ne suka ɓace, danna dama, View, Show desktop icons. Fayil ko ɗaya bai goge ba.

Sai batun lasisi. Windows 7 da ba ta da rajista takan mai da bango baƙi duk bayan awa ɗaya komai sau nawa kuka canza, da rubutu a kusurwar ƙasa cewa kwafin ba na asali ba ne. Windows 10 marar rajista tana kulle shafin Personalize. Maganin na gaskiya lasisi ne, kuma abin tambaya ne tun a shago kafin a biya kuɗin kwamfuta. Ku sani kuma Microsoft ta daina sabunta Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 a Oktoban 2025. Kwamfutar ofis da ta ce Some settings are managed by your organization kuwa da gangan aka kulle ta, ku yi wa mai kula da ita magana.

Wadda sai mai gyara

Layi a tsaye da ba ya motsi, baƙin tabo mai yaɗuwa, ko hoton da ke ɗaukewa idan an motsa murfin laftof, duk ba saiti ba ne. Ga gwaji biyu. Ku lura lokacin kunnawa: in layin na nan tun tambarin kamfani ya bayyana, kafin Windows ta tashi, ba ruwan Windows. Sannan ku riƙe Windows ku danna Print Screen, ku ɗauko hoton daga Pictures, cikin Screenshots, ku tura wayarku ta hannu. In ya fito tsaf a waya, matsalar a gilashin allo take ko siririyar wayar da ta bi ta cikin maƙalar murfi. Ku faɗa wa mai gyara sakamakon gwajin, ku ce ya fara duba siririyar wayar murfin kafin ya yi maganar canza allo, don kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Kada ku yarda a goge Windows saboda wannan, ba zai cire layin ba.

Aikin aji

Ku zauna biyu-biyu. Kowa ya rubuta lambar Recommended ta kwamfutar da ke gabansa a littafinsa. Ɗaya ya juya baya, ɗaya ya sauya abu guda: rezolushan, ko Scale, ko girman alamomi, ko zaman hoton bango. Wanda ya juya baya ya fara faɗin abin da aka taɓa da baki kafin ya kama linzami, sannan ya gyara, ku yi musaya.