Yadda ma'aikacin lafiya zai yi kwas ta intanet kan kula da mace kafin ta ɗauki ciki

Duk wanda ya zauna a ɗakin awo a Kaduna, ko a Yusuf Dantsoho ne a Tudun Wada ko a ƙaramin asibiti a Rigasa, ya san galibin mata ba sa zuwa yankar kati sai ciki ya fito. Kafin nan aikin gama ya gama. Bututun da ke zama ƙwaƙwalwa da lakar jariri yana rufewa ne cikin kwana 28 da shigar ciki, lokacin da mace ba ta ma gama tabbatar da ta yi ɓatan wata ba. Shi ya sa kula da lafiyar mace kafin ciki ya zama fanni mai zaman kansa, kuma da yawanmu a makaranta an taɓa shi ne sama-sama. Yanzu ana iya cike wannan giɓi da wayar hannu. Ga yadda za ka bi.

Mataki na farko, ka san abin da hukumarka take ƙirgawa. Likita yana ƙarƙashin hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, wadda ke neman maki 20 na ƙarin ilimi a shekara kafin sabunta lasisi. Nas da ungozoma suna ƙarƙashin tasu hukumar, NMCN, da nata shirin ƙarin ilimi na dole, lasisinsu kuwa duk shekara uku ake sabunta shi. Jami'an lafiyar al'umma kuwa hukumarsu ita ce CHPRBN. Ba kowace takardar shaida da ka sauke daga intanet hukuma za ta karɓa ba, sai wadda ta fito daga wurin da ta amince da shi. Don haka tun kafin ka biya ko kwabo, ka tambaya: wa ya amince da kwas ɗin, kuma maki nawa ne? Idan ba ya ba da maki amma darasinsa mai kyau ne, ka yi shi, sai dai ka san don ilimi kake yi, maki ka nema a wani wuri.

Na biyu, zaɓen kwas ɗin. Fara da Hukumar Lafiya ta Duniya. Tun 2013 ta fitar da taƙaitaccen bayaninta kan kula da lafiya kafin ɗaukar ciki, kuma makarantarta da aka buɗe a birnin Liyon na Faransa a 2024 tana da darussa ta intanet. Ka sa ido kuma a kan sanarwar ƙungiyar likitocin mata ta Najeriya, SOGON, da ta ƙungiyar likitocin Najeriya, NMA, da tarukan Zoom da sassan mata da haihuwa na asibitocin koyarwa kan shirya. Kowanne ka samu, duba shekarar da aka sabunta shi da sunayen waɗanda suka rubuta shi. Kwas ɗin da kamfanin magungunan ƙarin kuzari ya ɗauki nauyinsa, wanda kowane darasi ke ƙarewa da sunan kwalba guda, talla ce, ka wuce.

Na uku, waya da lokaci, kuma wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Bidiyo yana cin data, sai ka rage ƙarfin hoton ko ka sauke rubutaccen darasin ka karanta ba tare da intanet ba. Yi rajista da sunanka yadda yake a lasisi, harafi da harafi, domin shi za a buga a takardar shaida. Rabin awa bayan Asuba ya fi awa uku bayan aikin dare.

Mataki na huɗu shi ne ainihin aikin. Samu littafin rubutu, ka raba kowane shafi gida biyu: a dama abin da kwas ya ce, a hagu yadda za a yi shi a asibitinka. Yawancin waɗannan darussa an rubuta su ne don Amurka ko Ingila, inda mace kan je wurin likita ta ce tana shirin ɗaukar ciki. Idan ka haddace su yadda suke, za ka ci jarrabawa, amma ranar Litinin ba abin da zai sauya a ɗakin duba marasa lafiya.

Ɗauki misalin folik asid, bitamin ɗin da ke taimaka wa bututun ƙwaƙwalwa da lakar jariri ya rufe daidai. Kwas zai ce maikrogiram 400 kullum, a fara aƙalla wata guda kafin ciki, a ci gaba har sati 12. Mai haɗari na musamman, kamar wadda ta taɓa haihuwar jariri da tsagewar gadon baya, ko mai ciwon suga, ko mai shan maganin farfaɗiya, ana ba ta babban awo, miligiram 5 a ƙa'idar Ingila. A ɓangaren hagu sai ka rubuta tambayar da ta shafe ka: wane awo ne a kantin maganin asibitinmu? Sau da yawa ƙwayar miligiram 5 ce a hannu, ita kuma haɗaɗɗiyar ƙwayar ƙarin jini da ake rabawa a awo tana ɗauke da ƙaramin awon. Je ka duba kwalin da idonka.

Sai magungunan da mace take sha tun kafin ciki, kuma a ganina nan ne kwas ya fi biyan kuɗinsa. Mai hawan jini da ke kan lisinopril ko losartan, idan tana neman haihuwa, ana sauya mata zuwa methyldopa, labetalol ko nifedipine. Sodium valproate na farfaɗiya yana cikin magungunan da suka fi jawo nakasa ga ɗan tayi, amma ba a yanke shi rana ɗaya, domin faɗuwa ita ma haɗari ce ga uwa. A tura ta wurin ƙwararre ya tsara sauyin kafin ciki ya shiga. Haka warfarin, maganin hana daskarewar jini. Mai ciwon suga ana so gwajin HbA1c ɗinta, mai nuna matsakaicin sugan jini na 'yan watannin baya, ya sauka ƙasa da kashi 6.5 kafin ta ɗauka, in hakan zai yiwu ba tare da sugan yana faɗuwa ba. A asibitin da babu wannan gwaji, rubuta a hagu inda za ka tura ta da abin da za ta kashe, don mace daga Giwa ko Birnin Gwari ba za ta yi doguwar tafiya a kan "je ki babban asibiti" kawai ba.

Akwai kuma abin da kwas ɗin waje zai ba shi sakin layi ɗaya, alhali a nan babi ne guda: sikila. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da ita. Idan miji AS ne mata AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Ka koyi faɗin wannan da kyau, domin mutane da yawa suna ɗauka cewa in an haifi mai sikila ɗaya, ukun da za su biyo baya sun tsira. Kowane ciki lissafinsa sabo ne. Ƙara da rukunin jini, saboda mace mai Rh nagetif da za ta buƙaci allurar anti-D cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari. Ƙara da gwajin ƙanjamau, da ciwon hanta nau'in B, da tunjere, da ƙarancin jini, wanda ga macen da ba ta da ciki yake nufin himogulobin ƙasa da 12. Duba katinta na allurar tetanus, guda biyar ne cikonsu. Kuma ka tambayi maganin gargajiya da na mata da take sha, cikin sakin fuska, in ba haka ba ba za ta faɗa ba.

Na biyar, ka nemo matar inda take. Jihar Kaduna tana da mazaɓu 255, kuma da wuya ka ga wadda ta zo asibitin mazaɓarta ta ce a duba ta kafin ciki. Amma tana zuwa. Tana kawo yaro rigakafi, tana zuwa cire robar tazarar haihuwa, tana layin masu hawan jini, tana zuwa gwajin aure, tana dawowa bayan ɓari. Wadda ta zo cire roba ta riga ta gaya maka niyyarta, kada ta fita ba folik asid a hannunta.

Kwas zai koya maka tambaya guda: shin kina son ɗaukar ciki a shekara mai zuwa? In ka yi ta haka kai tsaye, amsar da za ka samu ita ce haihuwa ta Allah ce, kuma gaskiya ta faɗa. Bi ta hanyar da aka saba. "Maman Sadiq, yaushe za a yaye shi? Bayan yaye hutawa za ki ɗan yi, ko in Allah ya kawo ana so?" Ga amarya mai kunya, sista mace ta fi samun amsa. Daga nan maganar tazara take shigowa da kanta: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin neman wani cikin, wata shida bayan ɓari. Iyayenmu da ke gudun kwanika ba su yi nisa da wannan lissafi ba. Inda hali ya yi, a kira maigida, tunda shi zai sayi maganin, kuma shi ma akwai nasa gwajin da maganar sigari.

Na shida, jarrabawa da takarda. Yi jarrabawar ƙarshe da kanka, kada ka karɓi amsoshin da ke yawo a WhatsApp. Da ka ci, sauke takardar shaidar nan take, ka aika wa kanka ta imel, ka buga kwafi ɗaya ka sa a fayil ɗin lasisi.

Daga nan ka nemi minti goma a taron sashenku ko lokacin miƙa aiki. Kada ka karanta musu kwas ɗin. Ɗauki shafukan hagu na littafinka, ka fitar da tambayoyi biyar ko shida a takarda guda: niyyar ciki, folik asid, magungunan da take sha, jinotayif da rukunin jini, awon jini da suga, ranar haihuwar ƙarshe. A liƙa ta a teburin rigakafi da na tazarar haihuwa. Bayan wata uku ku ɗauko rajista ku ƙirga mata nawa aka yi wa tambayoyin, nawa aka sauya wa magani, nawa aka tura gaba. Inda lissafin ya yi ƙasa, a kan wannan darasin za ka nemi kwas na gaba.